Wa Ya Kai Ƙarar Gudumar Baba?

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Yaya aikin asibiti? Yaya ƙafar nan da kika ce tana kumbura in kin daɗe a tsaye? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiyar jiki ƙalau, hankali ne dai ba a kwance ba.

Na san za ki ce Auta ta fara taɓuwa, ga waya a hannu amma ta zauna tana rubutu a takarda tana ɗauko hotonsa. To ai ke ma a gidan nan kika tashi. Kiran da kika yi rannan, ni ina ihu ke kina ihu, Baba yana dukan ƙofar ƙarfe a bayan bango, abin da na tsinta a maganarki duka shi ne "kin ji?" Ban ji ba, Yaya. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ga abin da ake ciki. Hukumar tsara birni za ta sake fasalin unguwanni, ta ware inda za a zauna da inda za a yi sana'ar ƙarfe da inji. Ba taro suka kira irin na da ba, shafi suka buɗe a intanet mai ɗauke da taswirar gari. Mutum zai taɓa layinsu ya zaɓi launi. Ja na nufin a bar gidaje da shaguna tare yadda suke. Kore na nufin gidaje zalla, shaguna su tashi zuwa wani fili can bayan tashar manyan motoci. Bayan launin sai a tambaye ka abin da ya fi damunka a inda kake zaune. In ba ka son rubutu sai ka danna ka yi magana, na'ura ta mayar da ita rubutu ta liƙa a kan layinku, babu suna. Kowace lambar waya ƙuri'a ɗaya ce.

Kin san abin da kore ke nufi a wurin Baba. Shagon nan da hannunsa ya gina shi a jikin bangon gida tun kafin a haife ki. Da gwiwar nan tasa ba zai iya zirga-zirgar bayan gari kullum ba. In shagon ya tashi, shi ke nan ya ajiye guduma.

Saboda haka mutumin da ko saƙo bai iya buɗewa ba ya zama shugaban kwamitin kare layi. Ki zo ki ga Baba da tabarau a ƙarshen hanci yana leƙa taswira a wayata yana tambaya ko wannan ɗigon shi ne shi. Yayanmu Injiniya, wanda har yau bai gyara fankar ɗakina ba, shi ne kakakin kwamiti. Ya tsara jimla ɗaya, "Muna so a bar mu inda muke," ya raba wa kowa. Baba ya kafa doka cewa duk wayar da ke gidan nan sai ta jefa ja. Ni ce sakatariyar dole. Na yi masa tasa, na yi tawa. Ta Umma ma ni na buɗe mata shafin, na cike komai, na danna ɗan akwatin nan na "na yarda" da babu mai karantawa, na nuna mata inda za ta taɓa, na fita a guje don na makara makaranta, 'yan ajina suna jirana.

Layinmu ya yi jawur a taswira, muna ta murna. Sai ga wata magana ta ɓullo a tsakiyar namu. Na kwafo miki ita yadda take:

"Kun tambaye ni abin da ya fi damuna. Ban taɓa yin barcin rana a gidana ba. Kofuna suna tafiya da kansu a kan kanta har su faɗo. Kaina yana bugawa ko bayan an daina bugun. Ba na so kowa ya rasa abincinsa. Amma tunda kun tambaya, na gaji."

Yaya, sai da na sake karantawa. Abin da ya fi ɗaure kai, ɗigon mai maganar ja ne, irin namu. Namu ɗigogin duk magana ɗaya suke maimaitawa, babu mai tsayawa ya karanta. Wannan kuwa mutanen gari daga ko'ina suka yi ta danna mata babban yatsa, har hukuma ta ɗora ta a shafin farko na rahotonta, har aka karanta ta a rediyo. Magana ɗaya ta danne layi guda.

Ni na karanta wa Baba a kunnensa na hagu, don na daman kin san ya daɗe da tafiya, na hagun ma saura ƙiris. Ya sa na maimaita. Ya cire tabarau ya ce duk wanda ya ci abinci daga layin nan ba zai iya faɗin haka ba. Ranar ko shayinsa bai ƙarasa ba.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yaran. Umma tana gaishe ki.

Taki har kullum,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, da ke da mutanen gidan. Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta saɓe. Ki dai riƙa zama in kin samu sarari, marasa lafiya ba za su ƙare ba.

Amsarki ta iso, kuma ban ji daɗin wani wuri a ciki ba. Wai da kika karanta maganar nan sai kika ji kamar ke kika faɗe ta. Haba Yaya. Gudumar nan ce ta kai ki makarantar aikin jinya. Ban nuna wa kowa ba, kada ki sake rubuta irin haka.

Layinmu yanzu ya zama ofishin bincike. Kowa na kallon kowa ta wutsiyar ido. Zargi ya sauka a kan Mai Bene, dattijon nan ma'aikaci mai ritaya da ya sayi filin da ke kwanar layi bayan tafiyarki ya ɗora hawa ɗaya. Laifinsa shi ne ya taɓa roƙon Baba, cikin ladabi, ya riƙa jinkirta fara aiki da safiyar ranakun hutu. An tono wannan an rataya masa. Yana sallama a yi kunnen uwar shegu da shi. Mai kanti ya ce masa burodi ya ƙare, ga burodin kuwa jere a gabansa. Injiniya ya je ya zube tarkacen ƙarfe daidai bakin ƙofar motarsa. Ni ma, in gaya miki gaskiya, na daina amsa gaisuwar matarsa, kuma ina jin kaina gwana.

Bawan Allah ya zo har shago da wayarsa ya nuna ja ya jefa. Aka ce ai mai maganar ma ja ya jefa, wannan ba hujja ba ce. Ya buɗe abin da ya rubuta, jimlar Injiniya ce harafi da harafi. Ya ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, ya juya. Baba dai ya sa an kwashe tarkacen, amma bai ba shi haƙuri ba.

Da zargi ya rasa wurin sauka, sai Injiniya ya zo da sabon ilimi. Wai babu wani mai maganar, hukuma ce ta ƙirƙira don ta samu hanyar korarmu. Ya ce ki dubi yadda aka tsara ta, kofuna masu tafiya, wa zai yi irin wannan magana a layin maƙera in ba wanda aka biya ya zauna a ofis ya rubuta ba? Ya hau shafin ya rubuta da sunan kwamiti cewa ƙarya ce, in sun isa su fito da mai ita. Duk muka bi muka danna masa babban yatsa. Baba ya yi ta sa masa albarka. Hukumar ta amsa a taƙaice cewa za ta yi bayani a taron da za ta yi da jama'a ta intanet ranar Asabar da hantsi.

Kin tambayi Umma. Tana nan, amma abin ya taɓa ta. Ta ƙona girki har sau biyu, ita da ko ƙauri ba ka ji a tukunyarta. Tana zama ta yi tagumi, in na shigo ta miƙe ta kama shara. Tunanin shagon ne. Rannan ta tambaye ni ko abin da aka sa a waya ana iya cire shi. Na karɓa na goge mata bidiyoyin da kike turowa na yara, don su ne suka cika ta. Ta karɓa ta yi godiya, ta daɗe tana kallon wayar.

Zan rubuto miki yadda aka kwashe. Injiniya ya aro lasifika babba don kowa ya ji yadda za su ji kunya. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma da rai da lafiya, babu wanda ya mutu, kada hannun rubutun nan ya tsorata ki. Cikin sauri nake rubutawa. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

An yi taron. Aka share shago, aka jera bencina tsakanin ƙofofin da ba a gama ba. Maƙera, masu walda, mai kanti, har Mai Bene ya zo ya tsaya a baya. Injiniya ya jingina wayarsa a kan uwar maƙera ya haɗa ta da lasifika. Baba yana gaba da rigar fita. Wata jami'a ta fito ta nuna taswira da launuka, ta yi ta bayani har wasu suka fara hamma. Can ta ce an zarge su da ƙirƙirar ra'ayi, kuma ba za su bari a zubar da amincin shafin ba. Ta ce saƙon na murya ne, mai shi kuma ya danna akwatin amincewa a saurara a bainar jama'a. Akwatin nan, Yaya. Ta ce ga shi mu ji da kunnenmu.

Abin da ya fara fitowa bugun guduma ne, uku a jere sannan ɗaya, bugun da ko a mafarki na san na wane ne. Sai aka yi gyaran murya, irin ɗan tarin nan da ake yi kafin a kira mu cin abinci.

Umma ce.

Muryarta ce ta cika shagon, a hankali, yadda take magana in tana tsince shinkafa. Kun tambaye ni abin da ya fi damuna. Mutanen nan duk sun sha ruwa daga hannunta, babu wanda bai gane ba. Ita kuwa tana tsaye a ƙaramar ƙofar da ta haɗa shago da gida, riƙe da jug ɗin ruwa da ta kawo wa baƙi. Ana zaton wuta a maƙera ta tashi a masaƙa, in ji masu magana. Mu a maƙerar ta tashi, muka bar ta muka tafi nemanta a bene.

Mutum ɗaya ne kawai bai gane ba. Baba ya karkato kunne yana murmushi, ya tambaya da ƙarfi, irin yadda yake magana yanzu, wai mace ce ko namiji, kuma me take cewa. Ya juya ga Injiniya, Injiniya ya sunkuyar da kai ya fizge wayar lasifika. Ya juyo gare ni. Wallahi Yaya, kawar da kai na yi. Ya yi ta bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, murmushin yana raguwa.

Sai Umma ta ajiye jug ɗin a ƙasa. Ta ratso ta tsakiyar mazan nan, ita da ko leƙen shago ba ta yi in da baƙi. Ta sunkuya daidai kunnensa na hagu ta faɗa masa maganar tun daga farko har "na gaji", ba ta rage komai ba. Tunda nake ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba, kuma ba faɗa take yi ba, so take kawai ya ji.

Baba ya ɗago kai. Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Ya miƙe, ya shige gida, ya rufe ɗakinsa. Mutane suka zame ɗaya ɗaya. Mai Bene ne kaɗai ya tsaya ya rusuna ya gaida Umma kafin ya fita, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Injiniya ya yi ta zuba a tsakar gida, wai an sayar da su daga cikin gida. Na ce masa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, wa ya ce a fito da mai ita? Ya ce wa ya danna akwatin? Kowa ya kama gabansa.

Da la'asar na same ta a ɗaki. Ban ma tambaya ba ta fara. Ta ce ja ta taɓa kamar yadda aka ce mata. Tana shirin ajiye wayar sai wata murya ta tambaye ta, cikin ladabi, me ya fi damunta. Ta yi niyyar faɗin jimlar Injiniya, ta ma haddace ta, sai bakinta ya riga ta. Ta zaci abin kamar gaya wa likita ne, a ji a ofis a rufe. Na ce to me ya sa ba ta taɓa gaya mana ba? Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tunda aka kawo ta gidan nan babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Har da ni, Yaya, da nake kwana ɗaki ɗaya da ita in Baba ya yi tafiya. Har da ke.

Ki yafe mini faɗan da na yi miki a waccan wasiƙar. Kada ki kira tukuna, ba ta son magana. Ki gaida yara.

Auta

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ke da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Saƙonki ya iso, na karanta wa Umma, ta yi kuka kaɗan ta ce ki daina ɗora wa kanki laifi.

Baba ya yi kwanaki bai buɗe shago ba, bai kuma yi wa kowa magana ba. Ina tsoron abin da zai fito daga shirun nan, don kin san shi, in ya yanke ya yanke. Sai wata rana bayan azahar ya kira Injiniya ya ce ya je ya ɗora fallen ƙarfe a kan uwar maƙera ya yi ta duka yadda aka saba, kada ya tsaya sai an aiko. Shi kuma ya cire takalmi ya shiga ɗakin Umma. Sai a lokacin na lura ban taɓa ganinsa a ɗakin nan da rana ba. In ana bugu, shi yana can ɗaya gefen bangon, shi ne mai bugun.

Ya kwanta a gadonta ya manna tafin hannu a bango. Aka fara. Ba ya jin ƙarar, amma na ga hannunsa yana tsalle. Ƙura tana zubowa daga silin. Ya ɗaga ido ya ga kantar kofuna. Kin tuna tsummokaran nan da Umma ke ninkewa a ƙarƙashin kowane kofi da faranti, da muke mata dariya muna cewa kayanta ma sai da katifa? Ya tashi ya zare na ƙarƙashin kofi ɗaya. Muna kallo kofin ya kama hanya, kaɗan kaɗan, har ya zo baki. Baba ya tare shi da hannu. Ya tambaye ta tun yaushe. Ta matso kunnensa ta ce tun tana goyonki.

Ya aika a tsayar da bugun. Ya ce in kawo wayarsa in buɗe shafin nan. Ya ce in mayar da ɗigonsa kore. Na ɗauka ban ji daidai ba, har sai da ya daka mini tsawa. Sannan ya ce in danna masa wurin magana, kuma a sa sunansa. Abin da ya faɗa ke nan: "Ni ne mai gudumar da kuka ji. Matar nan matata ce, gaskiya ta faɗa. Ni ban sani ba."

Umma ta ce ita ba za ta canza nata ba, ja ta jefa kuma ja take so, ba ta ce a tashi kowa ba. Ya ce wannan ruwanta. In kin buɗe taswirar za ki gan su kusa da juna, nasa kore, nata ja.

Kwamiti ya watse a ranar. Wasu sun daina gaishe shi, mai kanti ma burodinsa ya fara ƙarewa in ni ce na je. Sakamako ya fito makon jiya. Layinmu kore ne, an ba shaguna wa'adi su koma bayan tasha. Ban san ko maganarsu ce ta jawo ko dama can haka za a yi ba, amma layi ya riga ya yanke hukuncinsa a kanmu. Injiniya zai tafi can da injuna. Baba ya ce shi ya gama. Ya goge gudumarsa ya shafa mata mai ya rataye. Tun ranar ba a sake bugu a shagonmu ba.

Yanzu kullum bayan azahar sai ya sa Umma ta shiga ta kwanta. Ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofar gida yana gadi. Mai talla ya zo wucewa, ya daka masa tsawa ya yi shiru ana barci, da muryar da ake ji har kwanar layi. Da na fara gani na yi dariya har da hawaye.

Jiya na leƙa ɗakin in ɗauki abin sallah. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, amma idonta biyu, tana kallon bangon nan. Na ce Umma ba ki yi barci ba? Ta ɗora yatsa a baki. Ta ce tunda aka daina ko sau ɗaya barcin bai zo ba, shirun ya yi mata yawa, bugun kuma yana nan a cikin kanta. Tana kwanciya ne kawai har lokacin ya cika, ta fito tana miƙa don ya gani. Ta kama hannuna ta ce kada in gaya masa.

Ban gaya masa ba, Yaya. Ke nake gaya wa. Ke ce ma'aikaciyar asibiti, ki nemi hutu ki zo ki duba mana kanta, kuma in kin zo ki tambaye ta da bakinki me ya fi damunta.

Ki gaida maigidan da yaran. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai jiranki,
Auta